An ƙwace WhatsApp ɗin uwar adashe: a yi wa wayar filashin?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifiyata ce uwar adashen matan layinmu a Anguwan Rogo, Jos, kuma a guruf ɗin WhatsApp ake lissafin zubi. Wani ya kira ta ya ce daga ƙungiyar da ke ba mata jari yake, za a yi taro ta waya, ta karanto masa lambar shiga da aka turo mata. Tana karantowa WhatsApp ɗinta ya fita. Kafin magariba an sa wata lambar asusu a guruf da sunanta, mata biyu sun tura zubinsu. Mai gyaran waya ya ce kutse ne, sai an yi filashin. Mu yi? Asusunta na banki fa? Kuɗin za su dawo?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya mayar da alheri, ki yi wa Mama jaje. Kafin komai, kada a yi wa wayar nan filashin, kada ma a cire WhatsApp ɗin daga cikinta. Wayar lafiyarta lau. Idan aka share ta, abin da za a yi asara shi ne tsofaffin saƙonnin Mama, wato lissafin wadda ta zuba da wadda ta kwasa, domin a cikin wayar suke ajiye ba a wurin kamfani ba. Ɓarawon kuwa ko gezau ba zai yi ba, tunda abin da ya ɗauka ba a cikin wayar yake ba.

WhatsApp ba ya tambayar suna da kalmar sirri irin na Facebook. Abu ɗaya ya sani, lambar waya. Duk wanda ya sauke manhajar, a Bukur yake ko a Legas ko a wata ƙasa, yana iya rubuta lambar Mama ya ce tasa ce. Kamfanin zai tura lambobi shida ta saƙon tes zuwa layin, ya jira. Wanda ya shigar da lambobin nan shi ne mai akawun a wurinsa. Kamar mai ajiyar kaya ne a tasha: bai san fuskar kowa ba, kati ya sani, wanda ya miƙo katin shi zai ɗauki jaka. Kuma da yake lamba ɗaya babbar waya ɗaya take zama a kai, yana shiga aka fitar da Mama.

Ki lura da yadda ya tsara lokacin, domin nan dabarar take. Yana kan layi da ita yake danna lambarta a tasa wayar. Ya ce, “Hajiya yanzu za ki ga saƙo ya shigo,” sai ga saƙo ya shigo. Wa zai yi shakkar mutumin da ya faɗi abu ya faru nan take? A jikin saƙon an rubuta da Turanci cewa kada a ba kowa lambar, amma mutum yana kunnenki yana cewa a yi sauri sauran mata suna jira, wa ke karantawa har ƙarshe? Ba zai iya cankar lambar ba, saboda lambobi shida suna iya zuwa ta hanya miliyan ɗaya, kuma in an yi kuskure sau kaɗan manhajar takan sa a jira. Roƙonta daga bakin mai ita ya fi masa sauƙi da arha.

Ina ya samo lambarta, har ya san mata take jagoranta? Mafi yawanci daga wadda aka cuta kafin ita. Duk akawun da suka ƙwace, sai sun bi guruf-guruf ɗinsa sun kwashe lambobi, na Islamiyya, na iyayen yara a makaranta, na biki, na 'yan kasuwa. Sunan guruf kaɗai ya isa ya gaya musu ƙaryar da za ta karɓu. Saboda haka ki sa rai a kwanakin nan za a kira wasu daga cikin matan adashen, wataƙila ma a ce Mama ce ta ba da lambarsu. Ki bi su da kira ko ki aika gida-gida yau, kada ki dogara da rubutawa a guruf ɗin, don shi ma yana ciki yana karantawa, yana iya goge saƙonki in shi ne admin.

Kuma don Allah a daina yi wa Mama faɗa a gida. A watan Yulin 2020 an shiga akawun ɗin Barack Obama da Bill Gates da Elon Musk da Joe Biden a Twitter a rana ɗaya, aka yi amfani da su aka karɓi kuɗin mutane. Ba na'urorin kamfanin aka fasa ba. Ma'aikatansa aka kira a waya aka yaudare su suka ba da bayanan shiga, kuma wanda ya jagoranci abin yaro ne ɗan shekara 17 a jihar Florida ta Amurka. Ma'aikatan da aka yaudara ɗin nan mutane ne da aka ɗauka aiki aka horar. A aikinmu na tsaron na'ura, abin da ya fi ba mu wahala shi ne kunya: mutum ya san ya ba da lamba, amma ya yi shiru har gobe don kada 'ya'ya su ce masa bai waye ba. A cikin wannan shirun ake kwashe kuɗin.

Yanzu me ɓarawon yake gani? Tsofaffin hirarrakinta ba sa bin sa. Tun Afrilun 2016 WhatsApp yake kulle saƙonni ta yadda wayar mai aikawa da ta mai karɓa ne kaɗai ke iya buɗe su, kuma da zarar saƙo ya isa kamfanin ba ya riƙe shi. Kwafin da ake ajiyewa a Google yana ɗaure ne da imel ɗin Mama, wanda shi ba ya da shi. Abin da ke hannunsa shi ne sunanta, da hotonta, da guruf-guruf ɗinta da lambobin mutanen ciki, da duk sabon saƙon da aka turo mata tun daga lokacin da ya shiga. Wannan ma ya ishe shi, tunda amanar da mata suka ba ta yake sayarwa.

Dawo da akawun ɗin ba ya buƙatar gwani. Ki buɗe WhatsApp a wayar Mama da layinta a ciki, ki rubuta lambarta, ki nemi a turo lambobi shida. Kina shigar da su an fitar da shi, kamar yadda ya fitar da ita. Abu biyu ne ke iya tsayar da ke. Na farko, wani lokaci za ki ga an ce sai bayan sa'o'i kaza za a sake turowa, saboda shi yana ta nema da gangan don agogon ya yi tsawo. Ki jira, kada ki yi ta dannawa, lokacin na cika ki nema nan take. Na biyu, ana iya tambayar ki wata lambar sirri ta daban wadda Mama ba ta taɓa sawa ba. Ma'anarsa ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu da tasa lambar. A nan sai an yi haƙurin kwana 7 kafin a bari ku shiga ba tare da ita ba. Amma ki kwantar da hankalinki, tun daga lokacin da kika shigar da lambobi shidan tes an riga an fitar da shi, ko da ku ma ba ku samu shiga ba tukuna.

In kika zaɓi a kira a karanto lambar maimakon tes, kuma kiran bai shigo ba, ki danna *#21# a wayar ki ga ko an karkatar da kiranta zuwa wani layi. Akwai masu sa mutum ya danna wata lamba mai farawa da *21* ko **21* da sunan rajistar tallafi, alhali umarni ne na tura duk kiransa zuwa wayarsu. Danna ##002# yana soke duk wata karkatarwa.

Kuna shiga, kada ki tsaya murna. Ki taɓa ɗigo ukun da ke sama, ki duba na'urorin da aka haɗa da akawun ɗin, domin WhatsApp yana yarda a haɗa har guda 4, ki fitar da duk wadda ba ku sani ba. Ki shiga saitin akawun ki ga ko ya sa imel ɗinsa, ki cire ki sa naku. Sannan ki kunna tabbatarwa mai mataki biyun da lambar da Mama za ta iya riƙewa, wadda ba shekarar haihuwa ba ce, ba kuma ƙarshen lambar wayarta ba. Tun 2017 wannan tsarin yake, kyauta, kuma da a ce yana kunne ranar, lambobin da ta karanto ba za su ishe shi shiga ba. Daga nan ki bi duk guruf ɗin da take admin ki duba jerin mutane ɗaya bayan ɗaya. Sun saba shigo da wata lambarsu su ba ta admin kafin a kore su, ta yadda ko an ƙwace akawun ɗin suna nan zaune a cikinku da wani suna kamar “Maman Khadija” da hoton fure.

Wani gargaɗi a gefe: kuna sanar da cewa an yi kutse, za a fara turo muku lambobin “gwanayen dawo da akawun” a Facebook, wai a tura dubu biyar ko goma. Babu wanda ke da ƙofar baya a WhatsApp da zai buɗe muku don dubu biyar. Yawancinsu kasuwarsu ɗaya ce da ta ɓarawon farko.

Batun banki shi ne ya fi cancantar ki zauna ki saurara. Lambobi shidan WhatsApp ba sa buɗe asusun banki, babu abin da ya haɗa su. Amma ki zauna da Mama cikin lalama ki tambaye ta: lamba ɗaya ta karanto ko biyu? Ya tambaye ta lambobin jikin katin ATM, ko BVN, ko ranar haihuwa, da sunan cike fom? In amsar e ce, a rufe katin da asusun yanzu, gobe a je banki. In a'a ce, sai ki duba layin kansa. Yana da sabis? Ana iya kiran ta? Muddin layin yana aiki a wayarta, to saƙonnin banki hannunta suke zuwa.

Na tsaya a kan layi ne saboda a Nijeriya a yau layin waya ya fi wayar kanta daraja nesa ba kusa ba, kuma mutane ba su ankara ba. A kansa alat yake shigowa, a kansa banki yake turo lambar tabbatar da tiransifa, da shi ake tura kuɗi ko da ƙaramar waya ce, ta *737# ko *894# ko *919# ko *966# ko *901#, gwargwadon bankin mutum. Wanda ya riƙe layin da aka yi rajistar BVN da shi, in ya danna *565*0# lambar BVN ɗin mai lambobi 11 za ta fito masa. Tun da CBN ta fito da BVN a 2014, sannan aka tilasta haɗa layi da NIN daga Disambar 2020, sai ya zamana komai na mutum ya rataya a jikin wannan ɗan ƙaramin katin. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 kuma ya turo har tsofaffin da ba su taɓa tiransifa ba cikin harkar.

Shi ya sa wanda ya fizge waya a cunkoson kasuwar Taminus ko a cikin Keke, sau da yawa ba ya ɓata lokaci a kan makullin fuskar wayar. Zare layin yake yi ya sa a wata ƙaramar waya, ya duba saƙonni ya gane bankin, ya nemo BVN, ya fara gwada buɗe hanyar tura kuɗi ko karɓar bashi da sunan mai layin. Kin kulle waya da zanen yatsa, amma layin a buɗe yake. Maganin yana cikin saitin kowace waya, Tecno ce ko itel ko Samsung ko iPhone: kulle layi da lambar PIN. In an kunna, duk lokacin da aka kashe waya aka kunna, ko aka sa layin a wata wayar, sai an shigar da lambar kafin ya kama sabis. Sai dai a yi hattara wajen kunnawa. Za a fara tambayar lambar da layin ya zo da ita daga kamfani, in aka yi kuskure sau 3 zai kulle ya nemi PUK, wadda ke rubuce a jikin babban katin da aka ɓallo layin daga ciki, in aka yi kuskuren PUK sau 10 kuma layin ya mutu. Don haka kada a yi canke. A nemo katin, ko a tambayi kamfanin layin tukuna.

Akwai kuma wadda ba a taɓa wayar ma. Wani ya tattara bayanan mutum ya je ya yi welkam bak na layinsa, wato ya karɓi sabon kati mai lambar, da sunan ya ɓata. Alamarta ita ce sabis ya ɗauke gaba ɗaya a wayarka alhali na kusa da kai masu irin layin suna da shi. Haka aka yi wa Jack Dorsey, shugaban Twitter na lokacin, a Agustan 2019. In kin ga haka ba lokacin cewa “netwok ne” ba ne, a rufe asusu a nufi ofishin kamfanin layi. Bankuna suna da lambar rufe asusu da ake iya dannawa daga wayar kowa, misali *901*911# a Access, *966*911# a Zenith. Ki nemo ta bankin Mama ki rubuta a takarda a ajiye a gida, domin ranar da ake buƙatarta wayar ba ta hannu. In kuma akwai tsohon layin da ta daina amfani da shi amma har yanzu shi ne a banki, a je a canza. Layin da ya daɗe a ajiye kamfani yakan sayar wa wani, alat ɗin Mama ya koma shiga wayar baƙo.

Kuɗin matan nan biyu kuwa, ba zan yi miki daɗin baki ba, dawowarsu da wuya, kuma kowace sa'a tana rage damar. Tiransifa a ƙasar nan nan take take isa, su kuma ba sa barin kuɗi ya kwana. Sukan rarraba shi zuwa wasu asusun ko su cire a wurin mai POS. Duk da haka a gwada, kuma waɗanda suka tura ɗin ne za su kai ƙara, kowacce a bankinta, ba Mama ba. Ta je da rasit ɗin tiransifar mai ɗauke da doguwar lambar shaida, ta ce damfara ce, ta nemi a rubuta ƙorafin a ba ta lambarsa, a kuma sanar da bankin da kuɗin ya shiga don a dakatar da asusun. In ta wurin mai POS ta tura, a koma wurinsa a karɓi rasit. A kai rahoto wurin 'yan sanda a karɓi takarda, domin banki ba ya cire kuɗi daga asusun wani ya mayar haka kawai, yawanci sai da takardar hukuma ko umarnin kotu. In banki ya yi shiru har mako 2, ana iya ɗaukaka ƙorafin zuwa sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na CBN. Rundunar 'yan sanda tana da cibiyar yaƙi da laifukan intanet a Abuja, EFCC ma tana karɓar irin wannan ƙara, kuma laifin yana ƙarƙashin dokar laifukan intanet ta 2015 wadda aka yi wa gyara a 2024.

Za ku ga suna a jikin asusun da aka tura kuɗin. Kada ku ɗauki sunan ku baza a Facebook kuna tsinuwa. Tun Disambar 2023 CBN ta ce ko ƙaramin asusu sai da BVN ko NIN, don haka sunan na mutum ne na gaske, amma sau da yawa ba shi ne ya kira Mama ba. Wani an buɗe da bayanansa bai sani ba, wani kuma yaro ne da aka ba 'yan kuɗi ya ba da hayar asusunsa. Ga ƙannenmu masu yin haka: ranar da aka biyo sawu, ƙofar gidan mai sunan ake ƙwanƙwasawa.

Mai gyaran wayar ba lallai cutar ku ya so yi ba, filashin ne maganin da ya sani. Akwai inda maganarsa take da hujja. In a wayar akwai GBWhatsApp, wato WhatsApp ɗin da ba na kamfanin ba, ko makamancinsa, ko wata manhajar da aka turo ta saƙo aka ce katin gayyatar biki ne ko fom ɗin tallafi aka danna aka sauke, to a cire su, a duba waɗanne manhajoji ne aka ba izinin karanta tes, domin irin waɗannan suna iya kwashe lambar tabbatarwa ba tare da an kira kowa ba. A kuma saita wayar ta daina nuna abin da ke cikin saƙo alhali tana kulle. Kutsen da ake shiga waya ba tare da mai ita ya yi komai ba shi ma akwai shi. A 2019 WhatsApp ya kai kamfanin NSO na Isra'ila kotu a kan manhajar leƙen asiri ta Pegasus, wadda aka kai wa kimanin mutum 1,400 hari da ita ta hanyar kira kawai. Amma wannan kaya ne mai tsadar gaske da gwamnatoci ke saye, ana ɗana shi ne ga 'yan jarida da 'yan siyasa da masu fafutika. Ba a kashe irin wannan kuɗin a kan zubin adashe.

Abin da nake ganin ya fi duk wani saiti amfani ga adashen shi ne matan su yi doka a tsakaninsu, a faɗe ta baki da baki ranar haɗuwa. Asusun zubi ɗaya ne, kowa ta rubuta shi a littafinta. Duk ranar da aka ga sabuwar lambar asusu a guruf, ko daga wayar Mama ta fito, babu mai turawa sai ta kira ta a layi ta ji muryarta suna magana, ko ta taka ta je gida. Saƙon murya bai wadatar ba, domin ana iya tura tsoho, kuma yanzu akwai manhajojin da ke kwaikwayon muryar mutum. In an kira aka ƙi ɗagawa aka rubuto “ina asibiti, tura kawai,” to a riƙe kuɗi. A sa admin biyu ko uku a gidaje daban-daban, Mama kuma ta ci gaba da rubuta lissafi a littafi ko da tana turawa a guruf. Batun wa zai ɗauki asarar zubin biyun, wannan na matan ne su zauna da wani malami ko dattijuwar da suka yarda da ita. Ke dai ki tattara rasit ɗin biyu, da hoton saƙon da aka sa lambar asusun, da lambar da aka kira Mama da ita da lokacin kiran, domin banki da 'yan sanda duk su za su fara tambaya.